Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Bauchi: Ɓera Ya Mutu, Tsutsar Cikinsa Tana Nan

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, na zaɓi in rubuto wannan takarda a fili saboda maganar da ke cikinta ba ta ofis ɗaya ba ce. Ta shafi ma'aikatarku, ta shafi hukumar tsaftar muhalli ta BASEPA da hukumar lafiya matakin farko, ta kuma shafi duk matar da ke da buhun gari a kuryar ɗaki.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a nan cikin garin Bauchi. Shekaru da dama ke nan ina zama gaban madubin likita ina duba jini da fitsari da bayan gida. Kwanakin baya aka turo mini wata mata da ɗanta, yaron bai wuce shekara shida ba. Ciwon ciki ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zawo ya zo yau ya tafi gobe, abinci ba ya shiga, da dare kuma sai juye-juye. Ta ce sau uku tana saya masa maganin tsutsar ciki a kemis, ba ta ga canji ba. Da na ɗora samfurin a kan gilashi na leƙa, sai ga ƙwai zagayayye, ruwan ƙasa-ƙasa, da 'yan ƙugiyoyi shida a tsakiyarsa. Ƙwan tsilar ɓera ne. Ba kullum nake ganin irinsa ba, shi ya sa na tsaya na yi mata tambayoyi.

Na ce, "Hajiya, akwai ɓeraye a gidan?" Ta ce ai sun gama da su, tun da aka fara sanarwar zazzaɓin Lassa a rediyo maigidan ya sayo shinkafar ɓera, suka yi ta kwashe mushe suna watsawa a bolar bayan gida. Na ce to garin da kuke ajiyewa fa, yana yin ƙwaro? Ta dube ni ta ce, "Malam, wane gari ne ba ya ƙwaro?"

Wannan amsa tata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Matar nan ta ji sanarwa, ta kuma yi aiki da ita iyakar fahimtarta. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne ya kama ɗanta.

Ranka ya daɗe, ban raina aikin da ake yi kan Lassa ba, kuma bai kamata a sassauta ba. Tun da aka gano cutar a garin Lassa na Jihar Borno a 1969 take cin rayuka, kuma a shekarun nan rahotannin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, suna jera Bauchi tare da Ondo da Edo da Taraba cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Mun rasa mutane, har da ma'aikatan lafiya. Sai dai duk abin da talaka ya sani game da haɗarin ɓera ya taƙaita ga wannan cuta guda, ita kuma maganarta da rani take tashi, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Damina na sauka sai a yi shiru. Tsutsotsin da ke cikin ɓera kuwa ba su san rani ko damina ba, kuma hanyar da suke bi su iso ga mutum daban take da ta Lassa. Wasu ma sai bayan an kashe ɓeran suke samun hanyar fita.

Bari in fara da wadda na gani a cikin yaron nan. Tsilar ɓera tana zaune a hanjinsa, tsawonta yakan kai santimita 20 zuwa 60. Ƙwanta yana fita cikin kashin ɓera, ɓera guda kuma yakan zubar da kashi 'yan gomomi a kwana ɗaya, a kan buhu, a cikin rumbu, a gefen injin niƙa, duk inda ya bi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan ƙwan ba ya kama mutum kai tsaye. Sai ƙaramin ƙwaron nan ja-ja da ke cikin gari da hatsi ya ci shi, ko kuma ɗan ƙuma, sannan ya ƙyanƙyashe a jikin ƙwaron ya zauna yana jira. Ranar da aka haɗiye ƙwaron, da ransa ko a niƙe cikin gari, ranar tsila ta samu sabon gida. Ke nan ko an kashe ɓeran gidan kaf yau, ƙwarin da suka riga suka ci kashinsa suna nan cikin buhu da kayansu.

Wuta tana kashe su. Tuwon da ya nuna, da kunun da ya tafasa, babu abin tsoro a cikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne abincin da ba ya komawa kan wuta. Mu duba yawansu a gidajenmu: gumba, garin kwaki da ake jiƙawa da ruwan sanyi, garin ƙuli-ƙulin kwaɗo da na yaji, gyaɗa da aya da suka kwana a buɗe, da ɗanyen garin da ake barbaɗa wa fura bayan an cura ta. Ga kuma yaro da ke zaune gefen uwarsa tana tankaɗe, yana dangwalar gari yana kaiwa baki. Babu wanda zai ce wa mutanen Bauchi su daina shan fura, ni ma ba zan faɗa ba. Amma ana iya gaya wa mai fura cewa garin barbaɗawa ya zama sabon niƙa, a tankaɗe shi da rariya mai laushi, a rufe shi cikin roba mai murfi.

Tsilar ɓera tana da ƙanwa, gajeriyar tsila, wadda tsawonta bai wuce santimita 4 ba. Ita ce tsilar da ta fi kowace yawa a jikin mutane a duniya, kuma yara ta fi kamawa. Ana samun ta a ɓeraye, ana samun ta a mutane, kuma ita ba ta buƙatar ƙwaro: ƙwanta na fita yake iya kama wani. Yaro ya yi bayan gida, bai wanke hannu da sabulu ba, ya sa hannu a kwano ɗaya da ƙannensa, shi ke nan. Har a cikin hanjin mutum ɗaya ƙwan yakan ƙyanƙyashe ba tare da ya fito ba, yawanta ya yi ta ninkuwa shekara da shekaru. Wannan ita muke yawan gani a madubi. A inda yara suke da cunkoso, makarantun kwana da tsangayu da gidajen haya masu banɗaki ɗaya, yaɗuwarta ba ta da wuya. Da yawa masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Amma idan ta yi yawa a cikin yaron da dama abinci bai wadace shi ba, sai a ga rama, ciwon ciki, ƙaiƙayin dubura da rashin barci, iyaye kuma su yi ta maganin shawara ko basir.

A nan ne nake roƙon ku saurare ni da kyau. Ƙwayar maganin tsutsa da aka fi rabawa a makon lafiyar mata da yara, da wadda ake saya a kemis, irin su albendazol da mebendazol, an tanade su ne domin macijin ciki da dangoginsa, kuma suna aiki sosai a kansu. Amma ƙwaya ɗaya da ake ba yaro ba ta raba shi da tsila. Maganin tsila shi ne farazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu saboda tsargiya, kuma likita ke auna shi gwargwadon nauyin yaro. Shi ya sa matar nan ta sayi magani sau uku a banza. Ba ta yi sakaci ba. Kalma ɗaya muke amfani da ita, "tsutsar ciki", ga halittu daban-daban da maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma babu mai rarrabe su sai madubi. Gwajin bayan gida ba ya cikin gwaje-gwaje masu tsada: madubi, gilashi, ruwan gishiri, da ma'aikacin da idonsa ya saba. Idan ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye ba shi da waɗannan, ma'aikacin da ke wurin zai rubuta magani ne bisa zato.

Sai maganar mushen ɓera, wadda ita ta fi tsaya mini a rai.

Akwai wata siririyar tsutsa kamar gashi da ke zama a hantar ɓera, masana suna kiranta Kafilariya hefatika. A cikin hantar take zuba ƙwai, kuma ƙwan ba shi da ƙofar fita muddin ɓeran yana raye. Ba ya bin kashi, ba ya bin fitsari. Hanyarsa biyu ce: ko ɓeran ya mutu ya ruɓe ƙwan ya zube a ƙasa, ko kyanwa ko kare ko wani ɓeran ya cinye shi ƙwan ya fito cikin kashinsu. Da ya samu iska da danshi na 'yan makonni sai ya nuna, ya kuma iya jira watanni a cikin ƙasa. Yaro mai rarrafe ko mai cin ƙasa ya kai baki, tsutsar ta bi jini ta isa hantarsa. Zazzaɓi mai naci ya biyo baya, hanta ta kumbura, ciki ya tashi. Gwajin bayan gida ba ya nuna ta, domin a jikin mutum ma ƙwan a hanta yake maƙalewa. Sai an tsakuro ɗan yankin hantar an duba. Gaskiya ne waɗanda aka tabbatar sun kamu da ita a duniya ba su da yawa, kuma ba na son in tsorata kowa fiye da kima. Amma mafi yawansu ƙananan yara ne, kuma tana kisa idan ba a gano ta ba. A wurin da yaro mai zazzaɓi da kumburin ciki ake fara yi masa maganin maleriya, sannan na taifot, sannan a koma na gargajiya, wa zai kawo hantar ɓera a ransa?

Yanzu a haɗa wannan da abin da muke yi kowace shekara. Sanarwa ta ce a kashe ɓera, mutane su sa guba, da safe a ɗauko mushe ta wutsiya a wurga bola, ko lungu, ko kwata, ko bayan katanga inda yara ke wasan ƙasa. Wanda ya ci gubar ya je ya mutu cikin silin ko bayan buhuna kuwa sai wari ya tona shi. Ƙumar da ke jikinsa tana barinsa da zarar ya yi sanyi ta nemi wani jikin. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ban taɓa jin sanarwar da ta tsaya ta yi wa mutane bayanin yadda za su yi da ɓeran bayan ya mutu ba, alhali bayanin bai fi numfashi biyu ba: kada a taɓa shi da hannu, a sa leda a hannu ko a ɗauka da shebur, a ƙone shi ƙurmus ko a binne shi a rami mai zurfi nesa da rijiya, a wanke wurin da ruwan bilic, a wanke hannu da sabulu. Wannan bayanin yana kare mutum daga Lassa ma, ba tsutsa kaɗai ba.

Haka batun farauta. Da kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, yaran ƙauye da na bayan gari sukan cinna wa daji wuta su bi gafiya da ɓerayen daji, su haƙa ramuka, su feɗe da hannu, su jefa wa kare kayan ciki, su babbaka sama-sama su ci. Na san ga wasu gidaje wannan shi ne naman da ake samu, don haka faɗa da tsawa ba za su hana ba. Amma yaro yana da hankalin da zai gane idan aka nuna masa. Hantar da aka ga fararen ɗigo ko zane-zane ruwan ɗorawa a jikinta alamar tsutsa ce. Wanda ya ci irin wannan hanta ba lallai ya kamu nan take ba, domin ƙwan bai nuna ba tukuna, amma zai fitar da shi cikin bayan gida, idan kuma a fili ya yi, ya shuka wa ƙannensa ke nan. Karen da aka jefa wa kayan cikin shi ma haka zai yi a tsakar gida.

Akwai wasu tsutsotsin ɓera biyu da zan ambata a gurguje. Ɗaya mai ƙayoyi ce a ka, kyankyaso ne ke ɗaukar ta daga kashin ɓera, kuma an buga rahoton samun ta a cikin mutum a arewacin Najeriya tun 1992. Ɗayar ita ce tsutsar huhun ɓera, wadda aka fara ganowa a birnin Kanton na ƙasar Sin a 1935. Dodon koɗi ne ke ɗaukar ta, idan ta shiga mutum kuma ƙwaƙwalwa take nufa ta haddasa wani nau'in sanƙarau. An fi saninta a kudu maso gabashin Asiya da tsibiran tekun Pasifik, ɓerayen jiragen ruwa ne suka yi ta kai ta wasu ƙasashe. Mu ba masu cin dodon koɗi ba ne, amma cin ɗanyen latas da kabeji daga lambu ya ƙaru sosai a garuruwanmu, kuma ƙaramin dodon koɗi yakan laɓe cikin ganye. A ɓare ganye ɗaya bayan ɗaya a wanke da ruwa mai tsafta, wannan ya isa a faɗa.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera ba ya zama inda babu ci. Macen ɓera tana haihuwa bayan kwana 21 zuwa 23 da ɗaukar ciki, 'ya'ya da yawa a lokaci guda, irin wanda ke ɗauke da Lassa ma ya fi sauran yawan haihuwa. Duk gubar da za a zuba, idan hatsi yana zube a ƙasa kuma shara tana kwana a bakin kasuwa, cikin 'yan watanni za su dawo kamar ba a taɓa su ba. Gubar kanta kuma haɗari ce a gidan da ke da yara da kaji. Shi ya sa nake ganin wurin da ya fi cancanta a sa ƙarfi shi ne inda abincin gari gaba ɗaya yake bi kafin ya shiga gidaje: rumbunan ajiya na kasuwanni irin su Muda Lawal da Wunti, manyan kasuwannin hatsi na Soro da Alƙaleri da Azare da Mararrabar Liman Katagum, da injinan niƙa na unguwanni. Injin niƙa guda yana ciyar da gidaje masu yawa. Idan ɓera ya kwana a cikin bakinsa, ragowar garin jiya kuma ta yi ƙwaro, matar da ta fara kawo niƙa da safe ita za ta kwashe. Mace tana iya tsaftace ɗakinta iyakar ƙoƙarinta, amma ba ta da iko da inda buhun ya kwana wata uku kafin ta auni mudu biyu.

Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, yadda jin yana tafe kaɗai yake sa a share gida a rufe randa. Har yanzu akwai jami'an lafiyar muhalli a ƙananan hukumominmu 20. Roƙona shi ne a tura su kasuwannin hatsi da wuraren niƙa a kai a kai, kuma su je a matsayin masu koyarwa kafin su zama masu cin tara. Abin da za su nema ba mai tsada ba ne: a ɗora buhuna kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a toshe ramuka da siminti, a share injin a rufe bakinsa kafin a tashi, a daina shanya a kan kwalta da dandariyar ƙasa. Manomanmu na wake sun riga sun san buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a yankinmu tun 2007, da ajiya cikin duro mai murfi. Dukansu suna kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da an zuba wa abinci guba ba. Kashe ƙwaron hatsi kuwa yanke wa tsilar ɓera hanya ne. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi da masu injin za su fi kowa iya sa mutanensu su bi, idan aka zauna da su aka nuna musu cewa hatsin da ɓera da ƙwaro ba su taɓa ba ya fi daraja a wajen mai saye.

Muna kuma da masu ilimin da za su auna mana girman matsalar a gida. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da asibitin koyarwarta, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, ga babban asibitin tarayya na Azare. A ba malamai da ɗalibansu ɗan tallafi da kayan kariya, tare da kulawar masu sa ido kan Lassa domin kada a je neman tsutsa a ɗauko zazzaɓi, su kafa tarko a kasuwanni da unguwanni, su feɗe su duba hanji da hanta, su kuma gwada bayan gidan yaran makarantun da ke kusa. Da alƙaluman Bauchi a hannu, ma'aikatarku za ta san unguwar da za ta fara da ita da maganin da za ta tanada. Mu ma da ke ɗakunan gwaji, idan aka ba mu takardar da za mu riƙa rubuta irin ƙwan da muka gani, maimakon a dunƙule komai a ce "tsutsa", cikin shekara ɗaya za a tara bayani mai amfani ba tare da an kashe wani abin kirki ba.

Abu mafi sauƙi a cikin duk roƙona shi ne na rediyo. Kafin sanarwar Lassa ta gaba ta fita, a ƙara mata magana biyu: yadda za a yi da mushen ɓera, da cewa ƙwaron gari ba abin rainawa ba ne a abincin da ba za a dafa ba. A ba limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya wannan saƙo su ma, kuma a bar shi yana tafiya har cikin damina, lokacin da danshi ke nunar da ƙwan da ke cikin ƙasa.

Yaron nan likita ya rubuta masa farazikwantel, aka ce a kawo ƙannensa biyu su ma a duba su. Bayan wata guda uwar ta dawo da shi aka sake gwaji, ban ga komai a madubi ba, ta ce har ya fara neman ƙarin tuwo. Kafin ta fita ta tambaye ni ko za ta iya zuwa ta kwashe mushen da suka zubar a bola. Na ce mata wannan ya riga ya bi ƙasa, sai dai ta hana yara wasa a wurin, ta kuma faɗa wa maƙwabta. Ta ce gida goma sha ne suke zubar da shara a bolar, kuma duk sun sa guba a wannan ranin.

Allah ya taimake ku a kan wannan aiki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Bauchi